Polly Hill, Baturiyar da ta auna gonakin Batagarawa

Yau tarihin wata Baturiyar Ingila muka ɗauko, sunanta Polly Hill. Da yawa ba su taɓa jin sunan ba, alhali babban aikinta a kan Hausawa nan kusa da mu ta yi shi, a Batagarawa, wajen kilomita 10 kudu da birnin Katsina. Wanda ya tashi Maradi da safe ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya, kafin azahar ya isa.

An haife ta a Kambirij a shekara ta 1914, cikin gidan manyan masana. Mahaifinta, A. V. Hill, ya samu kyautar Nobel a kan binciken jikin ɗan Adam. Kawunta kuwa, John Maynard Keynes, shi ne masanin tattalin arzikin da gwamnatocin duniya suka fi saurare a zamaninsa. Ita ma tattalin arziki ta karanta a jami'ar Kambirij, ta gama a 1936. Ta yi shekara 11 tana aikin gwamnati a Landan, sannan ta koma aikin jarida a wata mujalla mai suna West Africa. Aure ne ya kai ta Gana, lokacin ana ce mata Gwalkwas, kuma a 1954 ta fara aikin bincike a jami'ar ƙasar. Tana da shekara 40 a lokacin.

Aikinta na farko a kan manoman koko ne. Abin da ake ta maimaitawa a littattafai shi ne wai ƙananan manoma ne marasa jari suka shuka koko a bayan gidajensu. Ita sai ta shiga daji. Ta samu taswirorin gonaki da ma'aikatar gona ta zana lokacin da wata cuta ta faɗa wa itatuwan, ta bi su gona bayan gona tana tambayar wane ne mai ita, daga ina ya zo, nawa ya saya. Sai ga labari ya sha bamban. Tun wajen 1890 mutanen Akwapim da Krobo suke barin garuruwansu, su haɗa kuɗin manja da na roba, su sayi daji daga hannun sarakunan Akim, su raba gwargwadon abin da kowa ya zuba. Ribar gonar farko ita ke sayen ta biyu. Har gadoji suka biya aka gina musu a kan kogin Densu. Da haka Gana ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko a 1911. Littafin da ta rubuta a kan wannan ya fito a 1963, kuma har yau ana karanta shi.

A Gana ɗin ne ta fara lura da Hausawa. Ta zauna a kasuwar shanu ta Kumasi ta rubuta yadda maigida ke sauke baƙon da ya zo da dabbobi, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Duk wanda ya taɓa kai dabbobi kudu ya san wannan tsari.

A 1967, shekarar da yaƙin Biyafara ya ɓarke, ta sauka Batagarawa. Da taimakon ƴan garin aka auna gonaki, aka rubuta mai kowace gona, aka ƙirga gidaje 171 masu noma. Daga nan ta yi abin da masana ba su saba yi ba: ta nemi mutanen garin da kansu su ce wa ke cikin wane hali idan damina ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa. Kashi huɗu suka fito. Akwai waɗanda yunwa ba ta taɓa su, har su ke taimakon wasu; gida ɗaya ne cikin goma. Akwai masu riƙe kansu, akwai masu ɗan shan wahala. Sai na ƙarshe, kusan gida ɗaya cikin huɗu, waɗanda kowace shekara sai sun galabaita.

To, abin mamakin a nan shi ne ƙasa ba ta ƙare ba a Batagarawa a lokacin. Akwai daji, wanda ke so yana iya sharewa ya shuka. Me ya hana matalaucin? Amsar da ta bayar ita ce talaucin ne da kansa ke hana shi noma. Da kaka, hatsi na araha, shi kuma ga haraji ga bashi, dole ya sayar. Kafin ruwa ya sauka rumbunsa ya ƙare. Lokacin noman fari, da ya kamata ya duƙa a gonarsa, sai ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo awon da za a ɗora tukunya da dare, kuma awon a lokacin ya yi tsada. Kafin ya waiwayi tasa gonar, haki ya cinye ta. Ba shi da dabbobin da za su ba shi taki, ba shi da jakin da zai kai shi. Ɗansa ya ga ba abin da ake samu a gandu, ya kama gabansa. Daga nan sai jinginar da gona, daga jingina sai sayarwa. Mai hali kuwa ya rufe rumbu da kaka, bai buɗe ba sai farashi ya tashi, ƴaƴansa na gandu, gonarsa ta sha taki.

Mun san wasu za su ce, ai wannan ko yaro ya san shi a ƙauyenmu. Gaskiya ne. Amma a ofisoshin da ake tsara ayyukan raya karkara, a wancan zamani ana ɗaukar manoman ƙauye duk ɗaya ne, kamar ƙwayar gero a zangarniya. Wanda ya ɗauka haka, idan ya kawo takin zamani ko garma bashi, zai bai wa wanda ya iya biyan kafin alƙalami, ya tafi yana cewa ƙauye ya ci gaba. Ta ma nuna cewa bashi ba kullum ne alamar talauci ba. Sau da yawa mai ɗan hali ne ke cin bashi kuma yana bayarwa. Wanda ya fi kowa talauci, ba mai yarda ya ranta masa.

Ba ta manta da mata ba. Ta gano hatsi mai yawa ba a kasuwa ake sayar da shi ba, a cikin gidaje ne, ta hannun matan kulle, yara na kai da komo da kwano. Mai ƙididdigar gwamnati da ke tsayawa bakin kasuwa ba ya ganin wannan ciniki ko kaɗan. Littafin, mai suna Rural Hausa, ya fito a 1972, kuma wani babban ɓangarensa bayanin kalmomin Hausa ne ɗaya bayan ɗaya, irin su gandu, gayya, jinga da ƙwarami.

Akwai inda aka yi mata gardama. Ita tana ganin a Batagarawa arziki bai cika daɗewa a gida ɗaya ba: mai hali na da ƴaƴa da yawa, in ya rasu gandu ya watse, a raba gonaki, kowa ya tashi da ɗan kaɗan. Wasu masana da suka biyo bayanta a ƙasar Katsina suka ce ta rage wa mulkin mallaka da ƴan kasuwar gyaɗa laifi. A namu ganin suna da hujja, don harajin da ke tilasta sayar da hatsi da kaka ba daga sama ya faɗo ba. Ita ma da ta je Dorayi a gefen Kano a farkon shekarun 1970, inda jama'a ta yi yawa gona ta yi tsada, ta tarar ɗan matalauci da wuya ya fita daga talauci. Nan gefenmu kuma Claude Raynaut, wani Bafaranshe, ya yi irin wannan zama a Sumarana kusa da Maradi.

Jami'a ba ta yi mata rawani da wuri ba. Masana tattalin arziki na ganin ta bar lissafi ta koma hira da manoma, masana al'adu kuma na ganin baƙuwa ce a cikinsu. Sai a 1967 ta samu digirin dakta, tana da shekara 53, kuma muƙamin koyarwa da ta riƙe a Kambirij daga 1973 zuwa 1979 ne kawai. Ta haura shekara 60 ta tafi ƙauyukan Karnataka a kudancin Indiya, ta kwatanta manomansu da na ƙasar Hausa. A 1986 ta fitar da littafin da ta caccaki masanan da ke gina shawarwari a kan alƙaluman da ba wanda ya taɓa aunawa a gona.

Yau idan ƙungiyoyin agaji suka zo rabon cimaka a jihohinmu, sukan tara jama'a a kasa gidaje kashi huɗu, daga masu hali zuwa matalauta na ƙarshe. Wannan tsari na da nasa tarihi daban, amma tambayar ita ce wadda aka yi wa mutanen Batagarawa a 1967.

Polly Hill ta rasu ranar 21 ga watan Agusta na 2005, tana da shekara 91. Ba sai mun tuna wa mutanen Maradi da Damagaram wace damina ce wannan ba. Hatsi na nan jibge a kasuwa, buhu ya kai wajen jikka 30, iyaye mata na layi da yara a bakin cibiyoyin tamowa, a jihar da ake kira rumbun ƙasa. Cikin makon da ta rasu ne Kofi Annan ya sauka Damagaram don ya gane wa idonsa.