EMIL ZATOPEK: YA FARA DA MITA 1,500

A shafin tarihin mashahurai na wannan fitowa mun ɗauko muku Emil Zatopek, ɗan tseren da duniya ta yi wa laƙabi da jirgin ƙasan Cek. Mun zaɓe shi ne saboda masu sha’awar shiga tseren kan titi da ba su san nisan da ya kamata su fara da shi ba.

An haifi Zatopek ranar 19 ga Satumba, 1922, a ƙasar Cekoslobakiya, a yankin da yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek. Iyayensa talakawa ne masu ’ya’ya da yawa. Tun yana matashi ya kama aiki a masana’antar takalma ta Bata da ke garin Zilin, wato kamfanin nan da iyayenmu suka san takalmansa. A nan ne aka sa shi dole ya shiga wani tsere na kimanin mita 1,500. Ya yi ƙorafin cewa ba shi da ƙarfi, likita ya duba shi ya tabbatar lafiyarsa lau. Cikin samari ɗari ya zo na biyu, daga nan son gudu ya shiga ransa.

Bai yi gaggawar ƙara nisa ba. Ya daɗe yana fafatawa a mita 2,000 da 3,000 da 5,000, har ya kafa sabon tarihi na ƙasarsa a dukkansu a 1944. Bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga soja. Atisayensa shi ne ya ruga mita 400 da ƙarfi, ya sassauta, ya sake rugawa, haka sau da dama a rana ɗaya. Wani lokaci cikin daji yake yi, sanye da takalman soja masu nauyi.

A gasar Olamfik ta Landan a 1948 ya ci zinariya a mita 10,000 da azurfa a mita 5,000. Abin da ya fi ɗaukaka sunansa ya faru a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1952. Cikin kwana takwas ya lashe mita 10,000, ya lashe mita 5,000, sannan ya shiga gudun fanfalaki na kilomita 42 da mita 195 a kan titi, wanda bai taɓa yin gasarsa ba. Ya gama cikin awa 2 da minti 23 da daƙiƙa 3, ya kafa sabon tarihin Olamfik. Har yau babu wanda ya sake haɗa waɗannan ukun a gasa ɗaya. Matarsa Dana ita ma ta ci zinariya a jifan mashi a wannan gasa.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. A 1968 ya goyi bayan masu neman sauyin mulki a ƙasarsa, aka kore shi daga soja, ya koma aikin ƙarfi. Sai a 1990 gwamnati ta mayar masa da darajarsa. Ya rasu a watan Nuwamba na shekarar 2000 yana da shekara 78.

Mu lura da lissafin nan: tsakanin tserensa na farko da ranar da ya shiga kilomita 42, ya yi fiye da shekara goma yana gina jikinsa. Tseren titi yawanci kashi huɗu ne: kilomita 5, kilomita 10, kilomita 21 da ’yan kai, sai kilomita 42. Mai farawa ya zaɓi kilomita 5, wato zagaye goma sha biyu da rabi na filin tsere mai mita 400. Ya riƙa haɗa gudu da tafiya, da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya sha ruwa isasshe, ya nemi shawarar malamin wasanni. Wanda ya afka wa dogon nisa ba shiri, ciwon gwiwa ko jiri ne zai tsayar da shi a hanya, wataƙila ma ya tsani gudun gaba ɗaya. Idan kilomita 5 ta zama mai sauƙi, sai a matsa zuwa 10. Da rarrafe yaro kan tashi.