Meghnad Saha: Ɗan Mai Kanti da Ya Gano Sirrin Zafin Taurari

An haifi Meghnad Saha a shekarar 1893 a wani ƙauye kusa da Dhaka, cikin Bangaladash ta yau. Mahaifinsa ƙaramin kanti gare shi, ba shi da halin ɗaukar nauyin karatu, sai wani likita ya riƙe yaron yana taya shi aikin gida. A 1905 aka kore shi daga makaranta saboda shiga boren adawa da raba yankin Bengal da Turawan mulkin mallaka suka yi. Bai karaya ba, ya koma wata makarantar har ya kai kwaleji a Kalkata.

Ya koyi Jamusanci, abin da ya ba shi damar karanta binciken masanan Jamus kai tsaye. Shi da abokinsa Bose suka fassara maƙalun Einstein zuwa Turanci. A 1920 ya fito da lissafin da ke nuna yadda tsananin zafi da ƙarancin matsi ke sa ƙwayoyin zarra na iskar gas su saki ilektiron, su zama masu caji. Da wannan lissafi masana ke gane zafin tauraro daga haskensa.

An zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Indiya a 1952. Ya rasu a Delhi a 1956.