Abubakar Imam: Ta ina sabon mai karatu zai fara?

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. A 1933 ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, a Zariya. A 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981.

To matashin Illela ko Kwanni da bai taɓa karanta shi ba, ta ina zai fara? Ruwan Bagaja gajere ne, kuma cikakken labari ne shi kaɗai. Magana Jari Ce kuwa sai daga littafi na ɗaya, inda aku ke tsare Musa ɗan sarki da labarai don ya kuɓuta daga makircin Waziri. Wanda ya tsallaka zuwa na uku zai tarar aku ya zama waziri, bai san yadda tsuntsu ya samu rawani ba.