Byang Kato

Byang Henry Kato (23 ga Yuni 1936 – 19 ga Disamba 1975) fasto ne ɗan Najeriya, malamin tauhidin Kirista kuma marubuci, haifaffen Kwoi da ke kudancin Jihar Kaduna ta yau. Ya riƙe muƙamin babban sakataren ikilisiyar ECWA daga 1967 zuwa 1970, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya zama babban sakataren AEAM, ƙungiyar da ta haɗa Kiristoci masu bin tafarkin bishara a Afirka da Madagaska. An fi saninsa da littafinsa Theological Pitfalls in Africa, da kuma kiran da ya riƙa yi cewa ikilisiyar Afirka ta ba ilimin tauhidi muhimmanci, domin a ganinsa mutum ba zai ƙaunaci Allah ko ya bauta masa daidai ba sai ya san shi.

Farkon rayuwa

An haifi Kato a Kwoi, a tsohon Lardin Zazzau, cikin al'ummar Ham waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Iyayensa mabiya addinin gargajiya ne, kuma tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya zama mai kula da tsafin gidansu. Yana da kimanin shekara goma aka kai shi bikin shigar da yara maza cikin manya bisa al'adar Jaba.

A lokacin, mishan ɗin SIM ya daɗe da kafa tasha a Kwoi. Kato ya shiga makarantar firamare ta mishan, kuma a cikin aji ne, yana da shekara goma sha biyu, ya ji wani malami ɗan ƙasa yana ba da labarin Annabi Nuhu da jirginsa, ya kuma karɓi bangaskiyar Kirista. Mahaifinsa ya yi fushi ƙwarai, ya doke shi, ya hana shi abinci, ya kuma ƙi biyan kuɗin makarantarsa. Yaron ya riƙa yin 'yan aikace-aikace a wurin 'yan mishan domin ya ci gaba da karatu. An yi masa baftisma a 1948, inda ya sami sunan Henry.

Karatu da koyarwa

A 1955 Kato ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a Jihar Kwara ta yau, ya kammala a 1957. A shekarar nan ya yi aure, daga baya Allah ya ba su 'ya'ya uku. Ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki na Zabolo da Kagoro, ya kuma yi aiki da mujallar African Challenge a Legas. A cikin waɗannan shekaru ya yi karatu ta hanyar wasiƙa har ya ci jarrabawar da ta ba shi damar shiga jami'a.

A 1963 ya tafi Ingila, ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, ya sami digirin farko a fannin tauhidi na Jami'ar Landan a 1966. Da ya dawo gida ya koyar a Igbaja na ɗan lokaci, kafin a zaɓe shi babban sakataren ECWA a 1967, da hedikwata a Jos. Wa'adinsa ya zo daidai da yaƙin basasar Najeriya, inda ikilisiyar ta shiga aikin agaji ga waɗanda yaƙin ya shafa.

A 1970 ya tafi makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka. Ya sami digiri na biyu a 1971, da digirin digirgir a 1974. Binciken digirinsa na biyu ya ta'allaƙa ne a kan addinin mutanensa na Jaba, da iyakar abin da ɗan Adam zai iya sani game da Allah ta wurin duban halitta kaɗai.

Shugabancin AEAM

A babban taron AEAM da aka yi a Limuru, ƙasar Kenya, a 1973, Kato ya gabatar da jawabi a kan halin da ilimin tauhidi yake ciki a Afirka. Ya kwatanta ikilisiyar nahiyar da jiki mai girma da sauri amma mai fama da ƙarancin jini. Majami'u suna cika, ana yi wa dubban mutane baftisma, amma malaman da suka yi zurfi cikin Littafi Mai Tsarki kaɗan ne, littattafan da 'yan Afirka suka rubuta ma haka. A wannan taro aka zaɓe shi babban sakatare, aka kuma ɗora masa kwamitin tauhidi na ƙungiyar, ya koma Nairobi da zama.

A 1974 ya halarci babban taron bishara na duniya a Lausanne, ƙasar Suwizalan, inda ya gabatar da takarda a kan bishara, al'ada da gauraya addinai. Ya kuma zama mataimakin shugaban ƙungiyar masu bishara ta duniya, sannan shugaban kwamitinta na tauhidi.

Tunaninsa

Tushen koyarwar Kato shi ne cewa tauhidi ba na malaman jami'a kaɗai ba ne. Duk Kiristan da ya yi addu'a, ya rera waƙa ko ya binne mamacinsa, yana yin haka ne bisa wani abu da ya gaskata game da Allah. Idan abin da ya gaskata ya karkace, sujadarsa da zamansa da mutane za su karkace tare. Saboda haka ya ɗauki nazarin Littafi Mai Tsarki a matsayin ɓangare na ibada, ba ado ba.

Ya kafa hujja da mutanensa. Jaba sun san akwai Mahalicci, suna kiransa Nom, amma a rayuwar yau da kullum hankalinsu ya fi karkata ga iskoki da tsoronsu. Kato ya yarda cewa wannan sani na gaskiya ne, sai dai a ganinsa bai isa ya kai mutum ga ceto ba. Ya riƙe cewa cikakken sanin Allah yana samuwa ne ta wurin Yesu Almasihu da Littafi Mai Tsarki, wanda ya ɗauka a matsayin ma'auni na ƙarshe.

A littafin Theological Pitfalls in Africa, wanda aka buga a Kisumu a 1975 da gabatarwar Billy Graham, ya yi gargaɗi a kan ramuka biyu. Na farko shi ne gauraya bishara da addinin gargajiya har a kasa bambanta su. Na biyu shi ne koyarwar cewa kowa zai sami ceto ko ta wace hanya ya bi. Ya soki wasu rubuce-rubucen John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya a kan waɗannan batutuwa.

Duk da haka, bai goyi bayan a kwaikwayi Turawa ba. Ya nuna cewa Kiristanci ya daɗe a Afirka, tun zamanin ikilisiyoyin Masar, Habasha da Afirka ta Arewa, inda malamai irin su Tertullian da Augustine suka fito. Ya ƙarfafa a yi wa'azi da sujada cikin harsunan gida, da kiɗa da sutura na gida, muddin ba a taɓa ainihin saƙon ba.

Domin magance ƙarancin da ya ambata, ya ba da shawarar a kafa manyan makarantun tauhidi biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Ingilishi, da hukumar tantance makarantun tauhidi, da mujallar ilimi, a kuma ƙarfafa 'yan Afirka su rubuta littattafansu.

Rasuwa

A ƙarshen 1975 Kato ya halarci babban taron Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya a Nairobi a matsayin ɗan kallo. Bayan taron ya tafi hutu da iyalinsa a bakin teku kusa da Mombasa, inda ya nutse a ruwa ranar 19 ga Disamba. Ya rasu yana da shekara 39, bai cika shekara uku a muƙaminsa na AEAM ba.

Abin da ya bari

Yawancin shawarwarinsa sun tabbata bayan rasuwarsa. An kafa hukumar tantancewa ta ACTEA a 1976, makarantar tauhidi ta Bangui a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1977, da ta Nairobi a 1983. A Najeriya, ECWA ta buɗe makarantar tauhidi ta Jos a 1980, kuma ɗakin karatunta yana ɗauke da sunansa. Tokunboh Adeyemo, wanda daga baya ya riƙe kujerar babban sakataren AEAM, shi ne babban editan Africa Bible Commentary na 2006, sharhin Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya wanda malaman Afirka suka rubuta. An tattara wasu jawaban Kato a littafin Biblical Christianity in Africa a 1985.

Ra'ayoyinsa sun jawo muhawara. Kwame Bediako na Gana, a littafinsa Theology and Identity na 1992, ya ga cewa Kato ya tsananta wajen raba bishara da gadon addinin Afirka, kuma tunanin makarantun Amurka ya yi tasiri a kansa. Masu kare shi sun amsa cewa ya yi magana ne a matsayin wanda ya tashi cikin addinin gargajiya ya san shi daga ciki, kuma ya rasu kafin tunaninsa ya kai ga cika. Har yau ana karanta rubuce-rubucensa a makarantun tauhidi na Jos, Kagoro da Igbaja, da wasu da dama a faɗin Afirka.