Dokta Barau Dikko: Likitan Farko Daga Arewacin Nijeriya

Duk wanda ya taɓa raka maras lafiya daga Kafanchan, ko Zonkwa, ko Kagoro zuwa garin Kaduna, da wuya a ce bai ji sunan Barau Dikko ba, domin nan ne ake tura mu idan ciwo ya fi ƙarfin asibitocinmu na gida. Sai dai na lura da yawa daga cikinmu ɗalibai sunan asibitin kawai muka sani, mai sunan kuwa ya ɓace mana. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu taƙaitaccen tarihin wannan bawan Allah, musamman ta fuskar aikin da ya yi na kiwon lafiyar jama'a, da yadda aikin ya shafi yankinmu na kudancin Jihar Kaduna.

Haihuwarsa da Tasowarsa

Cikakken sunansa shi ne Russell Aliyu Barau Dikko. An haife shi a ƙasar Zazzau a shekarar 1912. Bafulatani ne, kuma ya taso a cikin addinin Kirista, a hannun 'yan mishan na CMS waɗanda Dokta Walter Miller yake jagoranta. Shi Miller likita ne ɗan Ingila. Yana cikin ayarin da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya samu ya zauna a birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A ƙarshen shekarun 1920 ne aka mayar da mishan ɗin bayan ganuwa, wato Wusasa.

Wannan 'yar ƙaramar al'umma ta fitar da mutane da yawa fiye da girmanta. Mu ɗaliban Hausa mun san John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A nan Janar Yakubu Gowon ya taso. Haka kuma Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ta nan ya biyo. Dikko yana cikin na gaba-gaba da suka share wa waɗannan hanya.

Akwai wani abu da ya faru da wannan al'umma lokacin da Dikko yake yaro, wanda nake ganin bai kamata a tsallake shi ba. 'Yan mishan sun kafa wa mabiyansu ƙauye a Gimi domin su zauna su yi noma, amma ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da dama, har dole aka watse aka bar wurin. Yaron da ya taso a cikin mutanen da suka ga wannan masifa ba ya buƙatar littafi ya gaya masa abin da ƙudan tsando yake yi wa gari.

Karatunsa

Bayan ya gama makarantar mishan, sai ya wuce King's College da ke Legas, a zamanin da ɗan Arewa a wannan makaranta abin nunawa da yatsa ne. Daga can ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya karanci aikin likita, ya kammala a ƙarshen shekarun 1930. Da haka ya zama mutum na farko daga Jihar Arewa da ya samu cikakkiyar shaidar likita irin ta zamani.

Idan muna son mu gane nauyin wannan magana, sai mu dubi Kudu. Tun a shekarun 1870 Nathaniel King ya zama likita, kuma kafin ƙarshen wancan ƙarni Dokta Oguntola Sapara ya gama nasa karatun, ya dawo Legas yana yaƙi da cutar agana. Ke nan tazarar da ke tsakaninmu da su ta haura shekara sittin. Ba kuma don Arewa ta rasa masana magani ba ne. Muna da wanzamai, da masu ɗori, da ungozomomi, da malaman ɗibbu tun kafin zuwan Turawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne makarantar boko mai zurfi, kuma Turawan mulki ba su yi gaggawar samar da ita ba. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da aikin likita.

Aikin Gwamnati da Yaƙi da Cututtuka

Dikko ya kama aikin gwamnati a 1940 a matsayin ƙaramin likita. Mai karatu ya sani cewa tun 1902 Turawa suka keɓe wa kansu babban rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, baƙar fata kuwa ko da takardarsa daga Ingila take, a wani rukuni na ƙasa ake ajiye shi, da albashi na ƙasa. Burbushin wannan tsari ne ya tarar. Sai da ya shekara 13 kafin ya zama babban likita a 1953. A 1957 aka ɗaga shi ya zama babban jami'i a sashen yaƙi da cututtukan da suka zaune wa jama'a, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa.

A nan nake so mu ɗan dakata, domin a ganina wannan ne zuciyar tarihinsa, kuma nan ne ya fi shafar mu mutanen kudancin Kaduna. Akwai bambanci tsakanin annoba da ke zuwa ta wuce, kamar sanƙarau da ke tasowa da zafin bazara, da kuma cutar da ta yi gida a cikin ƙasa, kamar ciwon barci, da kuturta, da tsargiya, da kurkunu. Irin waɗannan na biyu ba a jiran maras lafiya ya kawo kansa asibiti. Ma'aikata ne suke ɗaukar kaya su bi ƙauyuka, a tara mutane a ƙofar dagaci, a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Mu ɗauki ciwon barci. Ƙudan tsando ne yake yaɗa shi, shi kuwa wannan ƙuda yana son inuwar kurmi da bakin rafi, wato daidai inda mata suke ɗiban ruwa da wanki, yara suke wanka. Ƙasarmu ta kudu, mai yawan ruwan sama da kurmi da ƙoramu, ta dace da shi ƙwarai. A shekarun 1930 ma'aikatan ciwon barci sun duba miliyoyin mutane a Arewa, sun samu ɗaruruwan dubbai da ke ɗauke da shi. Yadda suke yi shi ne, su lalubi bayan wuyan mutum su ji ko akwai kaluluwa, idan akwai sai a tsotso ruwanta da allura a duba a madubin likita. Wanda aka samu da ƙwayar cutar sai a yi masa jerin allurai na makonni. Bayan magani kuma akwai aikin gayya na sare ciyayi da itatuwan bakin rafi don a hana ƙudan mafaka. A Anchau har gari sabo aka gina wa mutane, aka sa masa suna Takalafiya, da rijiyoyi masu murfi da faffaɗan tituna. Cibiyar binciken wannan cuta da ke Kaduna da reshenta na Vom ita ma daga wannan fafutuka ta samo asali.

Kafanchan kuwa tana da tata matsalar ta daban. Tun da layin dogo ya iso a 1927 garin ya zama mahaɗa, jirgi daga Fatakwal, wani ya nufi Kaduna, wani ya hau Jos. Leburori da 'yan kasuwa da masu haƙar kuza suna ta kai da kawowa. Inda mutane suke cuɗanya haka, cuta ma tikitinta take yanka ta hau jirgi. Saboda haka wanda yake kula da irin waɗannan cututtuka a Kaduna, tilas idonsa ya kasance a kan irin garuruwanmu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba game da ciwon barci shi ne, idan ya yi nisa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Mutum ya riƙa barci da rana, ya kasa runtsawa da dare, halinsa ya canza, ya riƙa faɗa ko surutai. A ƙauye sai a ce aljanu ne, ko sammu, ko an kama kurwarsa, a ɗaure shi a turu, wani lokaci ma a zargi wata tsohuwa da maita. Allurar da ta warkar da irin wannan mutum ta ceci hankalinsa, ta kuma kashe wata fitina da ke shirin raba dangi. Haka abin yake ga kuturta. Kafin a samu ƙwayar dafson, kuturu sai dai a ware shi a bayan gari ko a kai shi zangon kutare, ya rabu da mata da 'ya'ya. A shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta bazu da ƙananan wuraren ba da wannan ƙwaya a karkara, ta yadda mutum zai karɓi maganinsa ya koma gonarsa ya kwana a ɗakinsa. Ni a nawa ganin, sauƙin da wannan ya kawo wa zukatan mutane bai gaza wanda ya kawo wa fatarsu ba.

Ba ina cewa Dikko ne ya ƙirƙiro waɗannan dabaru ba. Ya tarar da yawancinsu, kuma aiki ne na ɗaruruwan malaman asibiti da duba-gari da 'yan mishan, irin waɗanda suka riƙe ɗakunan shan magani a Kwoi da Kagoro da Zonkwa. Muhimmancinsa shi ne, a daidai lokacin da Turawa suke naɗe tabarmarsu, an samu ɗan ƙasa mai ilmin abin, mai jin Hausa, wanda ya san yadda ake shiga fada a yi magana da hakimi, ya karɓi ragamar. Dattijon da yake tsoron allurar Bature yakan saki jiki idan ya ji umarnin ya fito daga bakin nasa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, amma rigakafi ba ya yiwuwa sai jama'a sun yarda da mai yin sa. Mun ga shaidar haka a 2003, lokacin da jita-jita ta sa aka dakatar da allurar shan inna a wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje.

Jam'iyyar Mutanen Arewa

A 1948 'yan bokon Arewa suka fara taruwa a Zariya da Kaduna don duba halin da yankinsu yake ciki. Dikko ne jigon taron Zariya, D. A. Rafih kuma na Kaduna. Ƙungiyoyin suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka yi babban taronta a Kaduna a 1949, aka zaɓi Dikko shugaba. A cikinta akwai Abubakar Imam, da Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur, wanda shi ma ya taɓa koyarwa a makarantar haɗa magunguna ta Zariya. Abokan gaba uku ƙungiyar ta sa a gaba: jahilci, da lalaci, da zalunci. Da aka mayar da ita jam'iyyar siyasa a 1951, wato NPC, sai doka ta hana ma'aikatan gwamnati riƙe muƙami a cikinta. Dikko ya sauka ya ci gaba da aikinsa na likita, daga baya Sardauna ya zama shugabanta.

Ina roƙon mai karatu ya sake duba wannan. Malamai da 'ya'yan malamai, Musulmi masu kishin addininsu, suka zauna suka ɗora Kirista a kan kujerar shugabancin wannan ƙungiya ta Arewa baki ɗaya, don sun ga ya fi su karatun zamani kuma sun amince da shi. Mu da muka taso a yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, mun san abin da rashin irin wannan amana yake jawowa. Unguwanni sun rabu, kasuwanni sun rabu, har akwai mai ciwon da zai yi tunani sau biyu kafin ya je asibitin da ke ɗaya ɓangaren gari. Akwai kuma waɗanda suka tsira da ransu amma har yau ƙarar tayar mota in ta fashe sai gabansu ya faɗi, barci ya ƙaurace musu. Wannan ma ciwo ne da ya zaune wa jama'a, kuma masu bin ƙauyuka suna neman masu fama da shi ba su da yawa.

Kwamishinan Tarayya

A 1967, ana dab da shiga yaƙin basasa, Gowon ya jawo farar hula cikin majalisarsa, ya naɗa Dikko kwamishinan ma'adinai da wutar lantarki na tarayya. A zamaninsa aka yi dokar man fetur ta 1969. A 1971 aka mayar da shi ma'aikatar sufuri. Ba zan tsawaita a nan ba, sai dai in ce ni da na so a ce lafiya aka ba shi, domin a daidai waɗannan shekaru ne ake gangamin lambar agana a faɗin ƙasa, wanda ya kai ga ganin bayan cutar a Nijeriya a 1970, shekara goma kafin a bayyana ƙarewarta a duniya.

Rasuwarsa

Dokta Dikko ya rasu a 1977, yana da kimanin shekara 65. Asibitin da aka sa wa sunansa a Kaduna shi ne wanda tsofaffin garin suka sani da Nursing Home, inda a zamanin mulkin mallaka Turawa da manyan ma'aikata suke kwanciya. Daga baya ya zama asibitin ƙwararru na jiha, sannan ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, jami'ar da aka kafa a 2004 mai reshe a Kafanchan. A can ne ɗaliban likitanci na jami'ar suke koyon duba marasa lafiya, cikinsu har da 'ya'yan Kagoro da Kwoi da Kachia da Jama'a.