Baba ta Karo: Baƙauyiyar da ta shaidi zamani biyu

An haifi Baba a 1877 a ƙauyen Karo, kusa da Zarewa a ƙasar Kano. Kakanninta Barebari ne daga Borno. Mahaifinta, Tsoho, malami ne manomi, gidansu kuma akwai bayi a rinji.

Ta tashi a zamanin da mahara ke kama mutane, dangi su tara wuri su fanso su, masifar da Anka da Bukkuyum ke ciki a yau. A idonta Turawa suka zo, bayin gidansu suka watse.

Aurenta huɗu, ba ta haihu ba, sai riƙon 'ya'ya da ungozomanci. A Giwa ta zayyana wa Baturiya Mary Smith rayuwarta tsakanin 1949 da 1950. Ta rasu a 1951, shekara uku kafin littafin tarihinta ya fito.