Tabib, Baturen Da Ya Zo Duba Ƙasar Borno Ya Bar Ƙashinsa A Bakin Cadi

Mutanen Nguru da Gashua da ke neman abinci a Ikko ko Sabon Ibadan ba sa bukatar a ba su labarin Kogin Yobe. Sun san ruwan Haɗejiya da na Jama'are ne ke gamuwa a fadamun yankinsu, sa'an nan su ratsa rairayi su nufi Tabkin Cadi. Amma kaɗan ne suka ji labarin Baturen da ya bi gaɓar kogin nan tun 1852, yana duban ƙasa da hawan ruwa.

Sunansa Adolf Overweg, Bajamushe ne, an haife shi a Hambug cikin 1822. Ilmin duwatsu ya karanta a jami'o'in Bon da Balin, watau sanin yadda ƙasa ta ginu hawa-hawa da abin da ke binne cikinta. Cikin 1850 ya taso daga Tarabulus tare da James Richardson, wakilin Gwamnatin Ingila, da Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim. Shi kuwa Tabib ake ce masa, don yana ba da magani.

Abin da ya fi ba mutane mamaki cikin kayansu shi ne jirgin ruwa, wanda aka raba gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, aka ƙetare Sahara da shi. Jirgi a hamada! Da suka iso Damargu farkon 1851 sai suka rabu. Tabib ya zaga ta Tasawa da Maraɗi da Gobir, ya bi ta Damagaram, ya isa Kukawa wajen Shehu Umar cikin watan Mayu. Kafin nan Richardson ya riga ya mutu a hanya.

A Cadi ya harhaɗa jirgin, ya shafe makonni yana yawo cikin tsibiran Buduma, abin da wani Bature bai taɓa yi ba. Ya tarar tabkin faɗi gare shi, ba zurfi. Masana na yanzu sun tabbatar ragowar wani ƙaton tabki ne na shekaru dubbai, wanda tsohuwar gaɓarsa ita ce doguwar jigawar da ta ratsa ta Bama da Maiduguri. Daga baya ya je Kanem da ƙasar Musgu tare da Abdulkarim, ya kuma je Gujba da Fika shi kaɗai.

Damina ta 1852 ta same shi ba lafiya. Ya fita bakin Yobe don sauya iska, ya komo da ɗan sauƙi. Sai ya shiga ruwa harbin tsuntsaye, ya yini da jiƙaƙƙun tufafi, zazzaɓi ya kama shi. Ya mutu a ƙauyen Maduwari ran 27 ga Satumba, yana da shekara 30, aka binne shi kusa da jirginsa.

Babban cikas ɗinsa shi ne sakaci da rubutu. Yawancin abin da ya gani a 'yan guntayen takardu ya bar shi, da ƙyar ake karantawa, shi ya sa sunan Abdulkarim ya shafe nasa.

Akwai yara biyu da ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. Ya bi Abdulkarim har Ingila cikin 1855, kuma daga bakinsa aka rubuta da yawa daga cikin labaran da ke cikin littafin Magana Hausa. Ya rasu a Kano cikin 1912.